Kaburbura Biyu Kafin Majami'a Ɗaya

A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Sun roƙi ƙungiyoyin mishan su aike su da bishara zuwa ƙasar Sudan, wato har da arewarmu, amma ba wadda ta yarda. Suka taho da ɗan abin hannunsu.

Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka nausa arewa. Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, cikin Nuwamba 1894. Bayan 'yan makonni Kent ya bi shi a Bida. Ko majami'a ɗaya ba su kafa ba.

Ni dai Bingham ne ya fi tsaya mini a rai. Ya koma gida hannu wofi, abokansa na kabari. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake korarsa. (Mu kuwa yayyafi kaɗan ya isa ya hana mu zuwa zumunta!) Duk da haka bai daina neman ma'aikata ba, har aka buɗe tashar Patigi a 1902. Daga wannan aiki na SIM ne ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, shekara 60 bayan an binne Gowans.