Wasan da Abokan Hamayya ke Haɗa Baki

Jama'a masu saurarenmu daga Gadarif har Gallabat da Metema, kun san sija da ake bugawa da tsakuwa a gindin bishiya, kun san dara. Kowa neman cin ɗan'uwansa yake. Shataranji ma haka yake.

Amma a 1854 wani Bajamushe, Max Lange, ya fito da wasa-ƙwaƙwalwa na daban: fari da baƙi su taimaki juna har a rutsa sarkin baƙi cikin ƙidayayyun motsi. A 1860 Sam Loyd na Amurka ya buga nasa, inda baƙi ke fara motsi, yadda ake yi har yau. Sai dai nasa yana da aibi, don akwai wata hanya ta biyu da ke kaiwa ga amsa. A wannan fage kuwa, amsa ta biyu da mai tsarawa bai nufa ba kamar saniya ce mai lalas ɗin mutum biyu, ba ta sayuwa. Shekara da shekaru da ido ake farautar irin wannan aibi, kuma da yawa sun wuce ba a gani ba.

To, da kwamfuta ta zo fa? Za ka ce ai Deep Blue da ta kayar da Kasparov a 1997 ta gama magana. Ina! A wasan gasa, na'ura tana jefar da duk hanyar da ta ga abokin hamayya zai toshe, aiki ya ragu. A nan babu mai toshewa, motsin wauta ma yana iya zama shi ne daidai. Lissafa da kanka, ɗan kasuwa: zaɓi 20 a kowane motsi, motsi 10, ya haura tiriliyan 10.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta manhajar Popeye, wadda aka fara rubutawa a shekarun 1980. Makiyayin da garkensa ya ɓace a Fashaga ba ya bin kowane sawu. Mashaya yake nufa, bakin Atbara ko Setit, ya biyo sawun baya. Haka Popeye ke yi idan wasan ya yi tsawo: ta fara zana inda sarki zai rutsu, sannan ta duba ko dakarun za su isa can cikin motsin da aka ƙidaya. Yau da wuya mai tsara irin wannan wasa ya kai shi mujalla bai bi da shi ta kwamfuta ba.