ZARE: Bazara biyu a Leicester, da mutumin da babu wanda ya sa a lissafi

1/ Tunda kasuwar 'yan wasa ta buɗe babu abin da nake gani a nan sai lissafi. Wannan ya ce ƙungiyarsu ta ci kasuwa, wancan ya jera sha ɗayansa har da benci, wani ma ya ɗaga kofi tun a watan Yuli. To ku matso in ba ku tarihin bazara biyu a ƙungiya ɗaya: Leicester City, 2015 da 2016. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/ Mu fara da inda suke kafin nan. A kakar 2014/15 sabbin hawa ne Firimiya, kuma sun kwashe sama da wata huɗu su ne kutal a ƙasan teburi. Kowa ya gama yi musu sallar gawa. Sai suka ci wasa 7 cikin 9 na ƙarshe, suka ƙare na 14 da maki 41. Da ƙyar da jiɓin goshi.

3/ Kocin da ya tsallakar da su, Nigel Pearson, bai ci moriyar wahalarsa ba. Ranar 30 ga Yuni 2015 masu ƙungiyar suka sallame shi saboda saɓani ya shiga tsakaninsu.

4/ Ranar 13 ga Yuli aka kawo Claudio Ranieri, ɗan Italiya, shekara 63, bai taɓa cin babbar gasar lig ta kowace ƙasa ba. Aikinsa na ƙarshe kafin nan tawagar Girka ne, inda aka kore shi bayan Tsibiran Faroe sun bi shi har gida sun yi masa 1-0. Mutanen Faroe gaba ɗayansu a lokacin ba su kai 50,000 ba. Ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ta ninka su.

5/ Gary Lineker, wanda ɗan garin Leicester ne kuma tsohon ɗan wasansu, sai da ya hau Twitter ya rubuta sunan Ranieri da alamar tambaya, irin ta "wai da gaske?" ɗin nan. Ku riƙe sunan Lineker, zai dawo.

6/ Ana cikin haka gwarzonsu na kakar da ta wuce, Esteban Cambiasso, ya ƙi sabunta kwantiragi ya tafi Olympiacos. Mutumin da ya ci Kofin Zakarun Turai da Inter a 2010 fa. A idon mai goyon bayan Leicester a wannan watan: koci ya tafi, jigon tsakiya ya tafi, an kawo tsohon da Faroe ta doke. Me ya rage?

7/ Shi ya sa da aka sayo Gökhan Inler daga Napoli a watan Agusta, hankali ya ɗan kwanta. Kyaftin ɗin ƙasar Siwizalan ne, ya buga Kofin Duniya, ya buga Zakarun Turai, ya ci kofin Italiya sau biyu. Shi ne babban sunan wannan kasuwa, shi aka ɗauka magajin Cambiasso. Da a ce yau ne, shi za ku yi wa bidiyo da kiɗa.

8/ Sauran kuwa? Christian Fuchs ya zo kyauta daga Schalke. Robert Huth, wanda dama yana zaman aro, aka biya Stoke wajen fam miliyan 3. Shinji Okazaki daga Mainz, wajen miliyan 7. Kayan gwanjo, in ji masu baki.

9/ Sannan ranar 3 ga Agusta aka sanar da wani ɗan ƙaramin mutum, tsayinsa mita 1.68, daga Caen ta Faransa, kan fam miliyan 5.6. Iyayensa 'yan Mali ne, a Paris aka haife shi. Kaka ɗaya tak ya buga a babbar gasar Faransa. Sunansa N'Golo Kanté.

10/ Mai farauto wa Leicester 'yan wasa, Steve Walsh, shi ya nace a saye shi. Shi ne dai ya gano Riyad Mahrez a Le Havre a 2014 kan kuɗin da bai kai rabin miliyan ba, kuma yana nan aka ɗauko Jamie Vardy daga Fleetwood a 2012 kan miliyan 1. Ku riƙe wannan sunan ma.

11/ Ku dubi abin da manya suka yi a wannan bazarar. Man City ta zuba wajen miliyan 55 kan De Bruyne, kusan 49 kan Sterling. Man United ta kwaso Depay, Schweinsteiger, Schneiderlin, Darmian da Martial. Chelsea mai riƙe da kofi ta ƙara Pedro da Falcao. Arsenal kuwa, kamar yadda kuka san halin Baba Wenger, Petr Cech kawai.

12/ Kamfanonin caca a Ingila (ba talla nake musu ba) sun sa 5000 da 1 cewa Leicester za ta ci Firimiya. Wato ka ajiye fam 1, in sun ci a ba ka 5000. Hanyarsu ce ta cewa ba zai taɓa yiwuwa ba. Shi kansa Ranieri maki 40 yake ta ambata, a dai tsira daga faɗuwa.

13/ Wasan farko, 8 ga Agusta, sun doke Sunderland 4-2. Kanté daga benci ya taso ana dab da tashi. A farko-farkon kakar har gefen hagu aka riƙa ajiye shi. Ko kocin da ke ganinsa a atisaye kullum sai da ya ɗauki makonni kafin ya gane abin da ke hannunsa, balle mu da muke yanke hukunci da bidiyon minti 3 a YouTube.

14/ Da aka mayar da shi tsakiya kusa da Danny Drinkwater, sai injin ya tashi. Salon ba wani boko ba ne: 4-4-2, a bar muku ƙwallo ku yi ta juyawa, da kun matso Kanté ya ƙwace, Drinkwater ya ɗaga ta bayan masu tsaron bayanku, Vardy ya sheƙa. Suna cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin riƙe ƙwallo a kakar, amma su ne a sama.

15/ An ruwaito Walsh yana raha cewa su da mutum uku suke buga tsakiya: Drinkwater, sai Kanté a damansa, sai Kanté a hagunsa 😂 Wanda ya kalli kakar ya san ba ƙarya ya yi ba. Babu wanda ya kai shi ƙwace ƙwallo a ƙafar mutum, babu wanda ya kai shi tare fasin, a duk Firimiya.

16/ Kuma nan ne wurin da ba a cika faɗa ba. Wes Morgan da Huth sun haura shekara 30, ƙarfi gare su amma ba gudu. In aka bar su da fili a gabansu, an gama da su. Kanté ne ya share wannan filin, su kuma suka zauna a da'irarsu suna nushe duk abin da ya zo ta sama. Mutum ɗaya ya ɓoye raunin mutum biyu.

17/ Vardy ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere, ya karya tarihin Van Nistelrooy, kuma a ragar Man United ɗin ya karya shi. A Disamba suka doke Chelsea 2-1, bayan kwana uku aka kori Mourinho. Cikin watan ne Lineker ya yi alƙawarin in suka ci kofi zai gabatar da shirinsa na BBC da gajeren wando.

18/ Ranar 2 ga Mayu 2016 Tottenham ta yi 2-2 da Chelsea, magana ta ƙare. Maki 81, tazarar 10 tsakaninsu da Arsenal, sau 3 kacal aka doke su. Vardy 24, Mahrez 17. Lineker ya cika alƙawari a watan Agusta.

19/ Inler fa, babban sayayyar? Wasa 5 ya buga a lig. Ya rasa gurbinsa a tawagar Siwizalan ta Euro 2016, ya tattara ya tafi Besiktas. Kallon kitse aka yi wa rogo, kodayake ba wai bai iya ba ne, gurbi ne ya cike.

20/ To yanzu mu zo bazara ta biyu, wadda ta fi taɓa mu a Arewa. 2016: Leicester ce zakara, ga kuɗi, ga Zakarun Turai a gaba. Vardy ya ƙi tayin Arsenal ya sabunta. Mahrez ma ya zauna. Cikin sha ɗayan da suka ci kofi, mutum ɗaya kawai ya fita.

21/ Kanté ne. Tsakiyar Yuli, Chelsea, wajen fam miliyan 32. Ko mako ba a yi ba shi ma Steve Walsh ya koma Everton. Labarin Walsh ɗin ko kallo bai ishi mutane ba, tunda ba ya sa riga mai lamba.

22/ A ɓangaren saye kuwa sau uku suka karya tarihin kashe kuɗinsu a bazara ɗaya. Nampalys Mendy daga Nice, wajen miliyan 13, a matsayin magajin Kanté. Islam Slimani ɗan Aljeriya daga Sporting, kusan 29, a ranar rufe kasuwa. A tsakaninsu kuma namu: Ahmed Musa daga CSKA Moscow, wajen miliyan 16.

23/ Ƙananan cikinku ba za su tuna yadda abin ya kasance ba. Yaron Jos, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, ya ci kofin Afirka a 2013, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya ci lig ɗin Rasha sau uku, yau ga shi a gidan zakarun Ingila. A gidajen kallon da na sani, ɗan Arsenal da ɗan United duk sun samu ƙungiya ta biyu.

24/ Sai kuma aka ƙara wa wutar fetur. 3 ga Agusta, wasan sada zumunta da Barcelona a Stockholm. An ci Leicester 4-2, amma duka biyun Musa ne, ta farko ya ɗauko ta tun daga wajen tsakiyar fili ya wuce su kamar a tsaye suke. Musa a nan, Vardy a can, Mahrez yana raba musu. A takarda wa zai tare wannan?

25/ Wasan farko na lig, Hull City, sabbin hawa, ba su da koci na dindindin, 'yan wasansu masu lafiya ma da ƙyar suka cika benci. Suka doke zakarun 2-1. Mendy ya ji rauni a idon sawu a wasansa na farko, da Arsenal, ya ƙare kakar da wasa 4 a lig.

26/ Daga nan sai ruwan ƙwallaye. Liverpool 4-1, Man United 4-1, Chelsea 3-0, Kanté yana sanye da rigar Chelsea yana yi musu abin da yake yi wa wasu bara. Morgan da Huth ɗin nan dai su ne, Schmeichel ne a raga, koci bai canza ba. Bara an zura musu 36, bana 63.

27/ A ganina Musa ba shi ne matsalar ba, kuma ba son kai ya sa na faɗa ba. Gudu aka saya, alhali gudu shi ne abin da Leicester ta riga ta ƙoshi da shi. Shi da Vardy fili ɗaya suke nema, bayan masu tsaron baya. Ƙungiyoyi kuma sun daina raina su, sun koma baya sun toshe filin. Mai ƙwace ƙwallon da zai sa a samu damar gudun ma ba ya nan.

28/ In aka sa shi a gefe kuma, sai a nemi ya yi aikin Marc Albrighton, a koma baya a taya Fuchs tsaro minti 90. Ba aikinsa ba ne. Ya ƙare da ƙwallo 2 a lig, ɗaya a ragar Crystal Palace ɗaya a ta Tottenham, sai biyun da ya fitar da Everton da su a kofin FA a Janairun 2017. Slimani ya ci 7.

29/ Wasa 6 na farko na lig a 2017 Leicester ba ta ci ƙwallo ko ɗaya ba. Ranar 23 ga Fabrairu, suna na 17, maki ɗaya tsakaninsu da 'yan dagaji, aka kori Ranieri. Wata tara bayan ya ɗaga kofi. Har yau abin yana yi min ciwo. Mataimakinsa Craig Shakespeare ya ƙarasa da su na 12, maki 44, suka kai kwata fainal a Zakarun Turai kafin Atletico ta fitar da su.

30/ Chelsea kuwa daga na 10 da maki 50 ta koma zakara da maki 93. Eh, na sani, Conte ya zo, kuma ba sa buga gasar Turai a kakar, kada 'yan Chelsea su cika min akwati. Amma Kanté 'yan wasan Ingila suka zaɓa gwarzon shekara, kofin lig biyu a jere da ƙungiya biyu.

31/ Musa ya koma CSKA aro a Janairun 2018, ya zo Kofin Duniya a Rasha ya zura wa Iceland biyu, daga nan Al-Nassr ta Saudiyya ta saye shi. Ƙafar tana nan, wurin ne bai dace da ita ba.

32/ Ramin da Kanté ya bari kuwa wani ɗan Najeriya ne ya cike shi, ba a bazara ba, a kasuwar Janairun 2017, ba wani ganga ba algaita: Wilfred Ndidi daga Genk ta Beljiyam, yana da shekara 20. A kakar 2017/18 shi ya fi kowa ƙwace ƙwallo a Firimiya.

33/ Ranar 15 ga Mayu 2021, wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, Leicester da Chelsea. Ndidi a tsakiyar nan, Kanté a tsakiyar can, Iheanacho a gaba tare da Vardy. Tielemans ya narka ta daga nesa, 1-0. Kofin FA na farko a tarihin Leicester.