Daga Haƙoran Ƙarfe Zuwa Lambar Sirri: Tarihin Makullin Mota

Motocin farko ba su da makulli irin wanda aka sani a yau, domin wahalar tayar da su ita ce ta tsare su: sai direba ya tsaya a gaban mota ya murɗa wata sandar ƙarfe da ƙarfin damtsensa, kuma idan injin ya yi baya, sandar kan karya hannu. Da Charles Kettering ya ƙera na'urar tayar da inji da lantarki, wadda kamfanin Cadillac ya saka a motocinsa na 1912, sai wahalar ta kau, kuma abin da ya sauƙaƙa wa mai mota ya sauƙaƙa wa ɓarawo. A 1949 kamfanin Chrysler ya fito da tsarin da murɗa makulli kaɗai ke kunna wuta ya kuma tayar da inji. Sirrin wannan makulli duka yana cikin haƙoransa, wato tudu da kwarin da aka yanka a jikin ƙarfe, amma a bayan ramin makullin wayoyi ne kawai, kuma duk wanda ya san waɗanda zai haɗa ba ya bukatar makulli.

Maganin farko na ƙarfe ne, wato ƙugiyar da ke kulle sitiyari da zarar an zare makulli. Jamus ta Yamma ta wajabta ta a farkon shekarun 1960 a kan motoci sababbi da tsofaffi, satar mota kuwa ta yi ƙasa sosai. Birtaniya ta wajabta ta a 1971 a kan sababbi kawai, sai ɓarayi suka koma kan tsofaffin motoci, waɗanda galibi na masu ƙaramin ƙarfi ne.

Lantarki ya shiga harkar makulli ne ta ƙofar jin daɗi, ba ta ƙofar tsaro ba. A 1980 kamfanin Ford ya saka maɓallan lambobi a jikin ƙofar wasu motocinsa, a 1982 kuma Renault na Faransa ya fito da motar Fuego da rimot ɗin buɗe ƙofa, wanda ke aiki da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, don haka sai an saita shi daidai da motar. Daga baya aka koma ga igiyar rediyo, megahaz 433 a Turai da 315 a Amurka. Rimot na farko lamba ɗaya yake aikawa kullum, duk wanda ya naɗe ta sau ɗaya ya mallaki ƙofar har abada, shi ya sa aka ƙirƙiro lamba mai sauyawa, inda kowace dannawa ke fitar da sabuwar lamba, motar kuma ta ƙi karɓar wadda aka riga aka yi amfani da ita. Ɗaya daga cikin fitattun tsare-tsaren wannan, mai suna KeeLoq, a Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro shi kafin kamfanin Microchip na Amurka ya saye shi a 1995.

Sai dai babban sauyi a wannan tarihi ba rimot ba ne, abu ne da yawancin direbobi ba su taɓa gani ba ko da yake suna riƙe da shi kullum. An fara gwajinsa a motar Corvette ta 1986, inda aka dasa wata 'yar ƙwaya a jikin makullin wadda ke rage ƙarfin wuta daidai wani gwargwado, amma da yake iri 15 ne kawai, mai haƙuri na iya gwada su duka. Bayan rushewar katangar Balin a 1989, satar motoci ta yi ƙamari a Jamus, ana tsallakawa da su gabashin Turai, kuma kamfanonin inshora, waɗanda su ke biyan asarar, suka matsa wa masu ƙera motoci lamba. Daga nan ne imobilaiza ta yaɗu, wato na'urar da ke hana inji tashi sai ta gane makulli. A cikin baƙar robar da ke kan makullin akwai wata ƙwayar lantarki da ba ta fi ƙwayar shinkafa da yawa ba, ba ta da batir, sai dai zoben waya da ke zagaye da ramin makullin ne ke ba ta wuta ta iska da zarar an murɗa, sannan kwamfutar motar ta aiko mata da tambaya ta lissafi, ita kuma ta mayar da amsa bisa lambar sirrin da su biyu kaɗai suka sani. Idan amsar ba daidai ba ce, mai ba zai isa inji ba, ko da haƙoran makullin sun dace, ko da an haɗa wayoyi. Tarayyar Turai ta wajabta imobilaiza a sababbin motoci daga 1998, Ostireliya a 2001, Kanada a 2007, kuma binciken masana tattalin arziki Jan van Ours da Ben Vollaard ya kiyasta cewa ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100 tsakanin 1995 da 2008.

Amurka ba ta wajabta ta ba, kuma ta ga sakamakon hakan, domin miliyoyin motocin Hyundai da Kia da aka sayar a can daga 2011 zuwa 2021 ba su da ita, sai matasa suka yaɗa hanyar satarsu a TikTok, har kamfanonin biyu suka amince a 2023 su biya diyyar da ta kai kusan dala miliyan 200. Wannan ya nuna cewa tsaron da aka bar wa kasuwa ta zaɓa, masu arhar mota ne ke fara rasa shi.

A daidai lokacin da ake rufe wancan giɓi aka buɗe wani. A ƙarshen shekarun 1990 Mercedes ya fito da tsarin Keyless Go a manyan motocinsa, Renault kuma ya biyo da makulli mai siffar kati a motar Laguna ta biyu. A wannan tsari makulli yana zaune a aljihu, motar ce ke kiransa da raunanniyar igiyar rediyo da ba ta wuce taku biyu ko uku ba, idan ya amsa sai ƙofa ta buɗe, a danna maɓalli inji ya tashi. Motar tana ɗauka cewa tunda makulli ya ji kiranta, to yana kusa, kuma a nan ne aibin yake. A 2011 masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurik suka gwada motoci iri 10 na kamfanoni 8, suka buɗe su duka ta hanyar isar da saƙo: mutum ɗaya ya tsaya kusa da mota da na'ura, wani ya tsaya kusa da bangon gidan da makullin ke rataye, na'urorin biyu su miƙa kira da amsa tsakaninsu, ba tare da an fasa wata lambar sirri ba. Ba a yi wa mai mota adalci ba da aka sayar masa da wannan sauƙi ba tare da bayyana masa abin da ya bayar a madadinsa ba, har ta kai ana shawartarsa ya riƙa ajiye makullin mota mai tsada a cikin gwangwani don toshe igiyar. Gyaran da ya biyo baya shi ne makullin da ke yin barci idan ya daɗe bai motsa ba, da kuma fasahar UWB, wadda ke auna lokacin da saƙo ya ɗauka ya je ya dawo, ta gane ainihin nisan makulli. A kanta ne wasu makullan wayar salula na yanzu suka dogara, bayan Tesla ya mayar da waya makullin motar Model 3 a 2017, Apple da BMW kuma suka biyo a 2020.

Wannan tarihi ya iso ƙasar Hausa a cikin motocin gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da Legas. A zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, wanda ya ɓatar da makulli wurin mai yankan makulli zai je a goge masa wani da ɗan kuɗi kaɗan. Yanzu kuwa mota takan iso da makulli ɗaya tak, kuma idan ya ɓace, sai an nemo mai kwamfuta ya jona ta a ramin gwaji da ke ƙarƙashin sitiyari ya koya wa motar sabon makulli, wani lokaci ma sai an sauya kwamfutar motar gaba ɗaya. Wasu kan gajarce hanya su ɓalle ƙwayar daga makulli su manne ta da salatif kusa da zoben wayar, ko su sa rewaya ya cire imobilaizar, wanda hakan ke mayar da motar 2010 ga tsaron motar 1970. Ya kamata mai sayen irin wannan mota ya sa a duba yawan makullan da kwamfutarta ta sani, a kuma goge waɗanda ba su hannunsa, domin makulli na biyu da ya rage wurin wani yana nan da ikonsa har sai an soke shi.