Dikodar Kyauta a Wudil: Daga Eriyar Gora zuwa Tauraron Ɗan'adam

Dikoda ƙaramin akwati ne da ke karɓar saƙon dijital daga eriya ko daga dish, ya mayar da shi hoto da murya a talabijin. A Wudil, garin da ke bakin kogi a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, wannan akwati ya shiga gidaje tun kafin gwamnati ta kawo nata, kuma tarihinsa ne ke bayyana irin wanda mutanen garin ke saye.

Talabijin ta fara a Najeriya a Ibadan cikin 1959, ta Kaduna ta biyo a 1962. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA, sannan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV 67 a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. Waɗannan biyun su ne abin kallon Wudil na tsawon shekaru. Da yake garin na da tazarar kimanin kilomita 40 daga birni, sai an ɗaura eriya a kan doguwar gora ko bututun ƙarfe, wani yana juyawa a waje, na ɗaki yana cewa ya yi ko bai yi ba. Iskar farkon damina ta kan karkata ta, hoto ya koma yayyafi.

Dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. DStv ta shigo, amma kuɗin wata ya sa ta zama ta masu hali da ta gidajen kallon ƙwallo. StarTimes ta zo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv a 2011, duka da eriya kuma da rahusa, sai dai su ma biya ake yi. Talaka ya bi wata hanyar: dish da risiba irin ta Strong, a sayo daga kasuwar Sabon Gari, a biya mai saiti sau ɗaya, shi ke nan. Da farko tashoshin Larabawa ake nema a Nilesat da Arabsat: sallah kai tsaye daga Harami, fina-finan MBC, da na Indiya masu fassarar Larabci. Daga baya Hausa ta hau tauraro. Sunna TV da Manara suka kawo tafsiri da wa'azi, Arewa24 ta buɗe a 2014, wasan Daɗin Kowa ya sa matan aure suka matsa wa mazajensu a sayo dish. Sana'ar masu saiti ta bunƙasa a nan, samari masu hawa rufin kwano da ƙaramar talabijin suna neman sigina.

Dikodar gwamnati ta makara. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin analog. Najeriya ta sa wa kanta 2012, ta wuce, 2015 ta wuce, 2017 ma haka. An fara gwaji a Jos cikin Afrilu 2016 da sunan FreeTV, Abuja da Kaduna suka biyo, Kano ba ta samu ba sai Nuwamba 2021, lokacin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai. Sunan FreeTV, wato talabijin kyauta, yana da ɗan ruɗi, domin an sanya kuɗin shekara da ake biya, ko da yake bai kai na DStv da ire-irenta ba. Kafin dikodar ta iso, dish ya riga ya cika rufin gidaje, kuma wanda ke kallon abin da yake so bai ga dalilin sauyi ba.

Abin da mai saye ke fara tantancewa shi ne hanyar da saƙo zai biyo. Akwatin eriya na tsarin DVB-T2 ne, na dish kuma DVB-S2, ɗaya ba ya aikin ɗaya sai wanda aka haɗa masa duka biyun. Dijital ba ta san yayyafi ba: ko hoto ya fito tas, ko ya daskare ya ɗauke. Saboda haka ƙauyen da ke nesa da turken watsawa, dish ya fi masa, duk da cewa hadari mai nauyi kan yanke shi. Sai batun MPEG-4. Tsofaffin risibobi na MPEG-2 sun zama tarkace a gidaje da yawa bayan tashoshi sun sauya tsari, wani lokaci murya ta fito babu hoto.

Wuta ma tana da ta cewa. Akwatin da ke aiki da adafta mai volt 12 ya fi karɓuwa, domin yana tafiya da batirin sola, kuma idan wuta ta zo da ƙarfi adaftar ce ke ƙonewa, a sayi wata. Jabu ya yi yawa a kasuwa, shi ya sa mutane kan tafi da mai saiti ko su aike shi, ya duba rimot da kan dish da waya, a gwada a shago kafin a biya.