Jarrabawar Ingilishi a Ƙasar Katsina: Daga Baki Zuwa Takarda

Makarantar da Hanns Vischer (Ɗanhausa) ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta soma koyarwa. Ingilishi bai sami gindin zama sosai a Arewa ba sai da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921. A can an ba lafazi da iya magana muhimmanci ƙwarai, shi ya sa aka san ɗalibanta, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa, da tsabtar furuci.

Bayan kafa hukumar WAEC a 1952, da JAMB a 1978, sannu a hankali ma'aunin ya sauya. Aka koma auna sanin kalmomi da nahawu da fahimtar karatu a takarda, har tambayoyin furuci ma da fensir ake amsa su. Saboda haka ɗalibi a garin Boko, ko Kusada, ko Kankiya, wanda Hausa yake ji a gida da kasuwa, yakan jingina ga haddace tambayoyin shekarun baya. Tun da yake kiredit a Ingilishi sharaɗi ne na shiga jami'a, wajibi ne malamai su rarrabe tsakanin koyar da harshen da koyar da dabarar cin jarrabawarsa.