Harsashi mai rami a baka: An hana shi a yaƙi, an wajabta shi a farauta

A duk shekara idan lokacin farautar barewa ya kama a Amurka, cikin watannin Oktoba da Nuwamba, miliyoyin mutane ne ke ɗaukar bindigogi su shiga daji.

Mafi yawansu a kanti suke sayen harsasai. Sai dai akwai wasu 'yan tsiraru da har yanzu suke narka dalma a gida su zuba kan harsashinsu da kansu, kamar yadda kakanninsu suka riƙa yi a ƙarni na 19.

Daga cikin abin da suke zubawa har da wani nau'i mai rami a baka, wanda ke buɗewa idan ya shiga jikin dabba.

Wannan harsashi yana da matsayi mai ban mamaki a doka. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta haramta harbin soja da shi a fagen daga, amma kuma dokokin farauta na ƙasashe da dama ba su yarda a harbi barewa da harsashin da ba ya buɗewa ba.

Yadda yake aiki

Harsashin bindigar zamani ya ƙunshi abubuwa huɗu: kwanso, da albarushi, da ɗan maɓallin da ke tayar da wuta a gindin kwanson, sai kuma kai, wanda shi kaɗai ne ke fita daga bakin bindiga. Wannan kan shi ake zubawa da dalma.

Kan harsashin da aka lulluɓe shi baki ɗaya da tagulla, irin na sojoji, yakan huda jikin dabba ya fice ta ɗaya gefen ba tare da siffarsa ta sauya ba. Raunin da yake bari ƙarami ne, kuma dabbar tana iya gudu mai nisa kafin ta faɗi.

Shi kuwa mai rami a baka, da zarar ya shiga jiki sai nama da ruwan jiki su cika ramin da ƙarfi, su tura gefensa waje. Bakin sai ya buɗe kamar laima, faɗinsa ya ƙaru, ya yanke jijiyoyin jini da yawa a huhu ko a zuciya.

Sai dai buɗewar tana da nata illar. Duk harsashin da ya faɗaɗa yakan rage gudu nan da nan, saboda haka ba ya nutsawa can ciki kamar wanda bai buɗe ba.

Idan ya buɗe da wuri, ko ya farfashe a kan ƙashin kafaɗa, ba zai kai ga huhu ba, sai dabbar ta tsere da mummunan rauni. Idan kuma bai buɗe ba, to ramin bai yi amfani ba.

Neman daidaito tsakanin waɗannan abubuwa biyu shi ne ginshiƙin sana'ar baki ɗayanta.

Asalinsa

Maƙeran bindigogin farauta na Burtaniya suna cikin waɗanda suka fara yawaita amfani da shi, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19.

A wancan zamani baƙin albarushi kawai ake da shi, kuma ba ya iya tura harsashi mai nauyi da gudu sosai. Sai suka riƙa ƙwaƙule bakin harsashin domin a rage masa nauyi, ya ƙara gudu, ya kuma tafi a miƙe. Daga bisani mafarauta suka lura cewa ramin yana sa dabba ta faɗi da sauri.

A Amurka kuwa, kamfanin Ideal, wanda John Barlow ya kafa a garin New Haven na jihar Connecticut a 1884, shi ne ya yi fice wajen sayar wa jama'a kayan zubin harsashi.

Kamfanin ya fitar da wani mazubi da aka raɗa wa sunan A. C. Gould, editan wata mujallar harbi da kamun kifi. Kan harsashin da yake fitarwa yana da nauyin kimanin giram 21, kuma an yi shi ne domin bindiga mai lamba .45-70, wadda sojojin Amurka suka fara amfani da ita a 1873. Har yau ana ambatonsa a matsayin ɗaya daga cikin fitattun harsasan farautar barewa.

Kamfanin Lyman ya sayi Ideal a 1925, ya ci gaba da ƙera irin waɗannan mazubai. Shi ne kuma ya fitar da samfurin Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubuci da ya zauna a jihar Idaho, wanda ya taka rawa wajen samar da harsashin .357 Magnum a 1935, da kuma .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950.

Dum-dum da taron Hague

Yayin da mafarauta ke neman harsashi mai buɗewa, sojoji kuwa sun kama wata hanya dabam.

A 1882 wani hafsan sojan Suwizalan, Eduard Rubin, ya ƙera harsashi mai rigar ƙarfe, sannan a 1884 Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi. Waɗannan abubuwa biyu sun sa harsasan soja suka zama sirara masu tsananin gudu.

Amma bayan yaƙin Chitral na 1895, a arewa maso yammacin Indiya ta wancan lokaci, sojojin Burtaniya sun koka cewa sabon harsashinsu ba ya tsayar da mayaƙan da suka tunkaro su.

A ma'aikatar makamai ta Dum Dum, kusa da birnin Kalkata, sai wani hafsa mai suna Neville Bertie-Clay ya fitar da harsashin da aka bar dalmar bakinsa a tsirara. Daga nan sunan dum-dum ya samo asali, aka kuma ci gaba da kiran duk wani harsashi mai buɗewa da shi.

Burtaniya ta kuma ƙera nata samfurin mai rami a baka, wanda aka yi amfani da shi a yaƙin Omdurman na ƙasar Sudan a 1898.

Munanan raunukan da irin waɗannan harsasai ke yi sun tayar da ce-ce-ku-ce a Turai. A watan Yulin 1899, taron zaman lafiya da aka yi a birnin Hague ya fitar da sanarwar hana amfani da harsashin da ke buɗewa ko bajewa cikin sauƙi a jikin ɗan Adam, a yaƙi tsakanin ƙasashen da suka amince da ita.

Burtaniya ba ta sa hannu ba sai a 1907, Amurka kuwa ba ta taɓa shiga yarjejeniyar ba.

Dokar da ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya a 1998 ta sanya amfani da shi cikin laifukan yaƙi, sannan taron Kampala na 2010 ya faɗaɗa hanin zuwa yaƙe-yaƙen cikin gida.

Abin da dokar farauta ta ce

Dalilin da ya sa aka hana shi a yaƙi shi ne dai ya sa ake buƙatarsa a farauta. A fagen daga, ƙa'ida ita ce kada a ƙara wa soja azabar da ta wuce abin da zai hana shi ci gaba da faɗa. A farauta kuwa, kashe dabbar ake nufi, kuma jinƙai shi ne ta mutu nan take.

Dokar farautar barewa ta Ingila da Wales, wadda aka kafa a 1991, ta tanadi cewa dole harsashin ya kasance mai taushin baki ko mai rami a baka. Jihohin Amurka da dama su ma sun hana farautar manyan dabbobi da harsashi irin na soja.

Wani amfanin kuma shi ne, harsashin da ya buɗe ba kasafai yake fita da ƙarfin da zai je ya sami wani abu a bayan dabbar ba.

Duk da haka ba ko'ina ake sakin mara ba. Jihar New Jersey, alal misali, ta taƙaita wuraren da mutum zai iya riƙe irin wannan harsashi, ko da yake ta yarda da shi a gida, da wurin koyon harbi, da kuma farauta.

Zubi a gida

Dalma tana narkewa ne a ma'aunin zafi 327, wanda ƙarami ne idan aka kwatanta da na tagulla da ya haura 1,000. Wannan ne ya sa zubin harsashi ya zama aikin da mutum ɗaya zai iya yi a bayan gida.

Mazubin ƙarfe ne mai ɓari biyu, wanda aka sassaƙa siffar harsashin a cikinsa. A na mai rami a baka akwai ƙarin wani siririn tsinke da ke shiga ta wajen bakin, wanda dalmar ke daskarewa a kewaye da shi.

Tsinken shi ne ke sa aikin ya yi wuya. Idan ya huce, dalmar ba ta cika gefen ramin sosai, sai harsashin ya fito da nauyin gefe guda, ya kauce wa saiti. Shi ya sa masu zubin kan auna nauyin kowane ɗaya, su mai da wanda ya gaza cikin tukunya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne taurin ƙarfen. Tsantsar dalma tana da taushi ƙwarai, tana buɗewa cikin sauƙi, amma idan gudu ya yi yawa sai ta riƙa gogewa tana mannewa a cikin bututun bindiga.

Ƙara mata kuza kaɗan yana sa ta yi ƙwari ba tare da ta zama mai tsagewa ba. Ƙarfen antimoni ya fi kuza sa tauri, amma idan ya yi yawa sai bakin harsashin ya farfashe maimakon ya buɗe. Saboda haka ne dalmar tsofaffin injinan ɗab'i, wadda ke da antimoni mai yawa, ba ta dace da wannan nau'i ba, duk da cewa masu zubi suna son ta domin harbin gasa.

Iyakarsa

Harsashin zubi ba ya jure gudun da mai rigar tagulla ke yi, wanda kan haura mita 800 a daƙiƙa ɗaya. Don haka farautarsa ta kusa ce, galibi a cikin kurmi, inda nisan harbi bai cika wuce mita 100 ba.

Ya fi dacewa da dabbobi masu matsakaicin jiki da siririyar fata, kamar barewa. Ga manyan dabbobi masu kaurin fata da ƙashi, kamar ɓauna, mafarauta sun fi son harsashi mai tauri da faffaɗan baki marar rami, domin shi ne ke nutsawa ya kai inda ake so.

Gubar dalma

Babbar barazanar da wannan tsohuwar sana'a ke fuskanta a yanzu daga ita kanta dalmar ta taso.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da za a ce ba shi da illa. Ta fi cutar da ƙananan yara da mata masu juna biyu, domin tana lalata ƙwaƙwalwa tun tana tasowa.

Jama'ar arewacin Nijeriya sun ga irin ɓarnarta a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara aƙalla 400 a jihar Zamfara.

Mai zubi yana fuskantar hatsarin ƙurar dalma da ke maƙale wa hannu da tufafi, ta shiga abinci. Akwai kuma hatsarin ƙuna, domin ko ɗigon ruwa ne ya nutsa cikin narkakkiyar dalma yakan sa ta fantsama.

Mai cin naman ma bai tsira ba. Harsashin da ya buɗe yakan bar ƙananan ɓarɓashi a cikin nama, wasu ido ba ya ganinsu. A 2008 hukumomin jihar North Dakota suka ba da umarnin a janye naman barewa da mafarauta suka bayar sadaka ga mabuƙata, bayan an gano ɓarɓashin dalma a ciki.

Haka nan tsuntsayen da ke cin kayan cikin da mafarauta suka bari a daji suna mutuwa. Wadda abin ya fi shafa ita ce wata babbar ungulu ta jihar Kalifoniya da ake kira kondo, wadda 27 kacal suka rage a duniya a 1987.

Makomarsa

Amurka ta hana farautar agwagin ruwa da ƙwayoyin dalma a 1991. Kalifoniya ta hana harsashin dalma a yankin ungulun a 2008, sannan ta faɗaɗa hanin zuwa kowace irin farauta a faɗin jihar daga 1 ga Yulin 2019.

Tarayyar Turai ta hana ƙwayoyin dalma a fadamu da gaɓar ruwa a 2023, ƙasar Denmak kuma ta hana farauta da harsashin dalma na manyan bindigogi a 2024.

Ita kanta dalmar ta fara wuyar samu. A da masu zubi kan tattara guntayen da masu gyaran taya ke maƙalawa a ƙafar mota domin daidaita ta, amma a wurare da dama an maye gurbinsu da na tutiya da baƙin ƙarfe.

Abin da ke maye gurbin dalma a farauta shi ne harsashin tsantsar tagulla, wanda kamfanin Barnes ya fara sayarwa a 1989. Shi ma yana da rami a baka, yana kuma buɗewa, amma ba ya zubar da ɓarɓashi sosai. Sai dai a masana'anta ake yin sa, ba a bayan gida ba.

Ƙungiyoyin mafarauta da ke adawa da hanin suna cewa tagulla ta fi tsada, kuma ba ta dace da tsofaffin bindigogi ba. Masu kare muhalli kuwa suna cewa lafiyar jama'a da ta namun daji ita ce kan gaba.

A yawancin jihohin Amurka har yanzu doka ta yarda mutum ya zuba harsashin da zai yi amfani da shi da kansa. A Nijeriya kuwa ba haka abin yake ba, domin dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba.