Maƙalewar Saba Lokacin Kashewa a Cibiyoyin Tawa: Batun Jerin Aiki da Ƙarfin Batir

Tsakure: Maƙalar ta duba dalilin da ke sa sabar Linux ta tsaya cik bayan an umarce ta da kashewa. Ta nuna cewa inda wuta ba ta da tabbas, matsalar tsere ce da batir, kuma maganinta gyara jerin aiki ne, ba gaggauta kashewa ba.

A watan Agustan 2023 Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da kamfanin wutar ƙasar, NIGELEC, ke rabawa, ba a dawo da ita ba sai Maris 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, ba ta ba da komai da dare. Saboda haka saba a ofis ko asibiti, a Tawa ko Keita, takan mutu ne bisa umarnin na'urar UPS idan batir ya kusa ƙarewa. Batirin dalma da ke cikin UPS kuwa an ƙera shi ne don zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yakan rage tsawon rayuwarsa da kusan rabi. A Adar, wato yankin Tawa, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, mintunan da ke rubuce a kwali ba abin dogaro ba ne.

Yanzu a auna wannan da tsarin systemd, mai tada ayyukan Linux da rufe su. Yakan aika wa kowane aiki siginar SIGTERM, ya jira daƙiƙa 90, sannan ya aika SIGKILL. Amma aikin da ya maƙale yana jiran faifai, wanda umarnin ps ke nunawa da harafin D, sau da yawa ba ya jin ko wanne. Ɗaya daga cikin masu jawo haka shi ne ma'ajiyar nesa ta NFS, domin a tsarinta na asali ba ta daina neman amsa. A dubi yadda ake yawan haɗa wayoyi: saba a jikin UPS, akwatin rarraba sadarwa kuwa a soket ɗin bango. Wuta na ɗaukewa akwatin ya mutu nan take, sabar ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar ma'ajiyar da babu hanyar zuwa gare ta. Sai bayan minti 30 systemd ke kashe na'urar da ƙarfi, ƙaramin batirin da zafi ya gasa kuwa da wuya ya kai nan.

Wasu ma'aikata na ganin rage daƙiƙa 90 zuwa 10 ya wadatar. Wannan ba ya taɓa aikin da ke matakin D, sai dai ya yanke rumbun bayanai yana tsakar rufe fayilolinsa. Wasu kuma sukan ce ext4 na da kundin tsaro, don haka yankewar wuta ba ta ɓarna. Kundin, a tsarinsa na asali, yana kare fasalin faifai ne, ba abin da ke cikin fayil ba, kuma rubutu na iya zama a ƙwaƙwalwa har daƙiƙa 30 kafin ya sauka. Rajistar marar lafiya ko makin ɗalibi na iya salwanta alhali faifan ya tashi lafiya lau. Gaskiyar masu wannan ra'ayi ɗaya ce: idan allo ya riga ya nuna saƙon ƙarshe na yanke wuta sannan na'urar ta tsaya, faifai sun rufu, laifin na ACPI ne, haɗarinsa kaɗan.

Bincike na farawa ne da shaida. A ƙirƙiri /var/log/journal don bayanai su tsira, a karanta su da journalctl -b -1 bayan tashi. Da yake mai rubuta waɗannan bayanan kan mutu kafin matakin ƙarshe, a cire kalmar quiet daga layin tashi, a ɗauki hoton allo da waya. Daga nan a tabbatar an bayyana ma'ajiyar nesa daidai a fstab, a sa ayyukan da ke amfani da ita su dogara da ita, tunda systemd na rufe abubuwa ne a juyin jerin da ya buɗe su, a kuma mayar da akwatin sadarwa kan UPS. Masu kula da na'urori a Tawa su riƙa gwada wannan kafin bazara: a zare wayar UPS daga bango, a riƙe agogo, a gani ko saba ce ke riga batir mutuwa.